MED HONDO, KUKUN DA YA KAI SARAUNIYAR LUGU GIDAJEN SILIMA NA DUNIYA

Duk wanda ya bar Dogondutsi ya nufi arewa maso gabas, ya shiga gundumar Dankasari, zai tarar da wani ƙauye mai suna Lugu. Ba babban gari ba ne, ba shi da kasuwar da za ta ja fatake daga nesa, amma sunansa ya kai inda sunan manyan birane da yawa bai kai ba. A can ne Sarauniya take zaune, uwar Gubawa ƴan ƙasa, mai riƙe da al'adun gargajiya na ƙasar Arewa, kuma a can ne dutsen Tunguma yake, wanda mutanen dā suke kai wa ƙara. A can ne kuma, ranar 16 ga watan Afrilu na shekarar 1899, mutanen Sarauniya Mangu suka tari sojojin Faransa da baka da kibiya.

Yau yaran makaranta sun san sunan Sarauniya, akwai gidan rediyo a Yamai mai ɗauke da sunanta, a ƙasashen waje ma ana ambatonta cikin jerin matan Afirka da suka ƙi miƙa wuya ga Nasara. To, wane ne ya fitar da wanga suna daga Lugu ya kai shi duniya? Mutum biyu ne. Na farko ɗan ƙasarmu ne, marubuci Abdullahi Mamani. Na biyu baƙo ne, mutumin Muritaniya, mai shirya silima, ana ce da shi Med Hondo. Labarin na biyun za mu ba ku, domin mutane da yawa a Arewa sun ji an yi fim ɗin Sarauniya, amma ba su san irin mutumin da ya yi shi ba, ko irin wahalar da ya sha kafin ya yi.

Daga tukunya zuwa dandali

An haifi Muhammad Abid Hondo a shekarar 1936. Mahaifiyarsa ƴar Muritaniya ce, mahaifinsa ɗan Sanagal. Danginsa daga cikin Haratin suke, wato zuriyar ƴantattun bayi. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba game da abin da wannan yake nufi cikin zaman jama'a: yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan san matsayin da aka ajiye masa tun kafin ya iya ɗaura wando. Wanda ya kalli finafinan Hondo duka zai ga cewa zancen bauta da ƴanci bai taɓa barin bakinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A 1954 ya tafi Rabat ta ƙasar Maroko, ya shiga makarantar koyon aikin otel, ya fito da sana'ar kuku. A 1959 ya ƙetare teku zuwa Faransa, ya sauka Marsai, daga baya ya wuce Paris. Ya yi aikin kuku, ya yi dako a bakin jirgin ruwa, ya yi ƙwadago a gonaki, ya yi hidimar kai abinci a teburin masu kuɗi. Duk ɗan Arewa da ya taɓa zuwa cin rani Ikko ko Abijan ko Kumasi ya san ɗanɗanon wannan zama, inda gumin mutum yake da daraja amma shi kansa ba a son ganinsa. Bambancin kawai shi ne, a makaranta an koya wa Hondo da tsararrakinsa cewa Faransa uwa ce, su kuma ƴaƴanta. Da ya je gidan uwar, sai ya tarar ko ɗakin haya ba a son ba shi.

Da kuɗin ƙwadagon nan ya riƙa biyan makarantar koyon wasan kwaikwayo, har ya yi karatu a hannun wata shahararriyar ƴar wasa ta Faransa mai suna Françoise Rosay. Ya iya wasa ƙwarai, sai dai a wancan zamani in an kira baƙin mutum dandali ko gaban kyamara, yawanci bara za a ba shi ko ɗan aike. Saboda haka a 1966 shi da abokinsa Robert Liensol, mutumin tsibirin Gwadalup, suka haɗa ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo mai suna Griot-Shango, suna nuna wasannin marubuta baƙar fata irin su Aimé Césaire. Amma wasan dandali yana da aibi guda: in an tashi, ya tashi ke nan. Mutum ɗari ko ɗari biyu sun gani, gobe sai a sake tara ƴan wasa daga farko. Fim kuwa in an ɗauka an ɗauka, ana iya sa shi cikin gwangwani a aika Dakar ko Yamai. Wannan ne ya ja Hondo zuwa silima, ba tare da ya shiga wata makarantar koyon shirya fim ba. Da kallo da tambaya da gwaji ya koya.

Bayan gajerun finafinai biyu, sai ya shiga aikin babban fim ɗinsa na farko, Soleil Ô. Sunan ya samo asali daga wata tsohuwar waƙar bayi ta tsibiran Antiy. Ba shi da mai ba shi jari. In ya sami kuɗi ya sayi ƙundun fim, ya tara abokansa ranar hutu su ɗauki abin da ya sawwaƙa. In kuɗi sun ƙare a dakata. Haka aka yi ta yi shekaru, fim ɗin duka ya ci wajen dalar Amurka 30,000, abin da a can Turai bai kai kuɗin abincin ma'aikatan babban fim guda ba. Labarin wani ɗan Afirka ne mai ilimi da ya zo Paris neman aiki cike da murna, ya bi ofis-ofis ana rufe masa ƙofa, har abin ya kusa taɓa masa hankali. A farkon fim ɗin akwai wurin da ba a mantawa: an jera ƴan Afirka ana yi musu wankan shiga addinin Nasara, an ba kowa gicciye, sai aka juya gicciyen ya zama takobi, aka sa su suna kashe juna. A 1970 aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Kan, a kudancin Faransa, kuma a shekarar nan ya ci babbar kyautar bikin Lokarno ta ƙasar Suwis, wadda ake kira Damisar Zinariya.

Daga nan bai tsaya ba. A 1974 ya fitar da Les Bicots-nègres, vos voisins, a kan leburori ƴan Afirka da Larabawa mazauna Faransa, ya ci kyautar farko a bikin Kartaj na Tunisiya. A 1977 da 1978 ya yi finafinai biyu a kan yaƙin mutanen Sahara ta Yamma. A 1979 ya yi West Indies, tarihin shekaru ɗari huɗu na cinikin bayi da mulkin mallaka cikin waƙa da rawa, kuma domin wannan aiki sai da ya sa aka gina jirgin ruwan bayi sukutum cikin wata tsohuwar masana'antar motocin Citroën a Paris.

Mai karatu zai tambaya, to da me yake ci, da me yake biyan bashi, tun da irin waɗannan finafinai ba sa tara kuɗi? Da muryarsa. Allah ya ba shi murya mai kauri, mai iya juyawa yadda ya so. In an kawo fim daga Amurka za a mai da shi Faransanci, sai a kira Hondo ya ari bakin ɗan wasan, kamar dai yadda samarin Kano suke yi wa finafinan Indiya fassara a zamanin nan. Shi ne muryar Eddie Murphy a Faransanci shekara da shekaru, ya sha yin muryar Morgan Freeman, shi ne jakin nan mai surutu na fim ɗin yara Shrek, shi ne kuma tsohon birin Rafiki. Miliyoyin Faransawa sun san muryar sarai, suna dariya da ita, ba su san mai ita yana kwashe ladan yana zubawa cikin finafinan da ke tona asirin mulkin mallakar ƙasarsu ba.

Abin da ya faru a 1899

Kafin mu zo kan fim ɗin Sarauniya, ya kamata mu tuna wa matasa abin da ya auku. A 1898 gwamnatin Faransa ta tura wata runduna ƙarƙashin Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine, aka umurce su su tashi daga bakin kogin Kwara su kai Tafkin Cadi. Turawan cikinta kaɗan ne; yawancin masu bindiga baƙar fata ne da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, ga ƴan dako da mata da dabbobi bila haddin. Irin wannan taro ba ya ƙoshi sai da kwace. A watan Janairu na 1899 suka afka wa Sansane Hausa a bakin kogi suka kashe mutum fiye da ɗari. Suka bi ta Dallol Mauri suna ƙona garuruwa, suna kwashe rumbuna, rijiyar da ta shayar da gari shekara su ƙafe ta a kwana guda.

Garuruwa da yawa sun watse kafin su iso, waɗansu sun ba da abin da aka nema don su tsira da rai. Lugu ta tsaya. Mutanenta suka ja daga, da wuta ta yi yawa suka shige cikin kurmin da ke kusa da garin, inda ƙaya da sarƙaƙiya suka hana sojan Nasara tafiya a jere, suka yi ta harbi daga ciki. Lissafin Faransawan da kansu ya nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙona harsashi wajen 7,000. Sun ƙone garin, amma ba su kama Sarauniya ba. Daga nan suka wuce Birnin Ƙonni a watan Mayu, inda suka yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. Da labarin ta'asarsu ya kai Paris, aka turo Kanal Klobb ya karɓe rundunar. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka ci Damagaram a ƙarshen watan, suka isa Cadi, inda aka kashe Rabe a Kuseri cikin Afrilu na 1900.

A takardun Turawan, zancen Lugu bai wuce ƴan layuka ba, kuma tsohuwar mayya suka ɗauki Sarauniya. Wanda ya ɗauko ƴan layukan nan ya haɗa da abin da ya ji daga bakin tsofaffi shi ne Abdullahi Mamani. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya yi siyasa cikin jam'iyyar Sawaba, ya yi gudun hijira shekaru da dama, galibi a Aljeriya, ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, aka kuma tsare shi a zamanin mulkin soja. A 1980 littafinsa Sarraounia ya fito a Paris da Faransanci. Shi da Hondo abokai ne. Da Hondo ya karanta littafin, ya ga abin da ya daɗe yana nema: labarin da zai nuna wa duniya cewa ba da tafi da guɗa aka karɓi Nasara a Afirka ba.

Shekara bakwai ana neman kuɗi

Fim ɗin yaƙi ba kamar fim ɗin cikin ɗaki ba ne. Ana bukatar dawaki, da bindigogi irin na dā, da kayan soja na mutum ɗaruruwa, da garin da za a gina don a ƙone shi, da Turawa ƴan wasa da za a biya su kuɗin jirgi da masauki. Fim ɗin Sarauniya ya ci wajen dalar Amurka miliyon 3 (dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba), kuma shekara bakwai Hondo ya yi yana haɗa su. Cikin waɗannan shekaru ya zo Nijar, ya zauna da tsofaffi, ya duba takardun tarihi, shi da Mamani da wani marubuci mai suna Abdul War suka tsara yadda labarin zai kasance a allo.

Niyyarsa ita ce a ɗauki fim ɗin a nan Nijar, inda abin ya faru. Kuma ƙasarmu ba baƙuwar silima ba ce a lokacin. Mustafa Alasan ya yi Aouré tun 1962. Umaru Ganda shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Muna da ƴan wasa irin su Zalika Sule waɗanda aka sani har waje. Amma ana gab da fara aiki sai shirin da aka yi da hukumomin Nijar na wancan lokaci ya warware. Mutumin da ya ci bashi, ya yi alkawari da ma'aikata, ya wayi gari ba shi da filin da zai kafa kyamara.

Burkina Faso ce ta buɗe masa ƙofa. Kaftin Thomas Sankara ya hau mulki a 1983, kuma mutum ne mai ɗaukar silima da muhimmanci. Gwamnatinsa ta shiga cikin aikin da kuɗi da mutane da kayan aiki, aka ɗauki fim ɗin a can. Ba laifi ba ne mu faɗi gaskiya a shafin nan: ranar da wannan fim ya ƙetare iyaka, Nijar ta yi hasara. Da a Arewa aka yi shi, da duwatsun Dogondutsi ne za su fito a allo, da maharban Lugu da Bagaji ne za su riƙe bakunan, da kuɗin da aka kashe wajen ɗinki da sassaƙa da abinci a kasuwanninmu za su zauna. Abin da ya fi duka, da Sarauniya da Hausa za ta yi magana. A fim ɗin kuwa da harshen Jula take magana, sauran kuma Fulatanci da Faransanci.

Wadda ta fito a matsayin Sarauniya ita ce Ai Keita, ƴar Burkina, wadda ba ta taɓa yin fim ba kafin wannan. Hondo ya gan ta ne tana sa-in-sa da wani ɗan'uwanta, ya lura da yadda take tsayuwa da yadda take kallo. Da farko ƙaramin matsayi ya yi niyyar ba ta, da aka gwada ta sai ya ba ta babban. Bai yi kuskure ba. Ba ta yawan magana a fim ɗin, amma in ta tsaya gaban mayaƙanta mai kallo yakan yarda cewa namiji zai iya mutuwa saboda umurnin wannan mace. Jean-Roger Milo ya fito a Voulet, Féodor Atkine a Chanoine, mawaƙin Gabon Pierre Akendengué yana cikin waɗanda suka yi kiɗan.

Fim ɗin awa biyu ne. Ya fara da ƙuruciyar Sarauniya, yadda wani dattijo mai suna Dawa ya rene ta, ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani. Daga nan ya koma kan rundunar Nasara, kuma a nan ne, a ganinmu, gwanintar Hondo ta fi fitowa. Bai nuna Turawan a matsayin dodanni daga sama ba. Ya nuna su mutane ne masu kwaɗayin girma, masu gaba da juna, waɗanda rana da nisa da rashin mai tsawata musu suka sa suka saki duk wata doka. Ya kuma daɗe a kan sojojin baƙar fata da tafintansu: mutanen da ake ba su ganima da mata don su kashe ƴan'uwansu, ga tsoron bulalar Bature a gabansu, ga tsoron asirin Sarauniya a bayansu, har ranar da tsoron ya ƙare suka juya bindiga. Wanda ya tuna gicciyen da ya zama takobi a Soleil Ô zai gane cewa tambaya ɗaya ce Hondo yake yi tun farko: yaya aka yi Bature ƙalilan suka mallaki ƙasa mai faɗi haka, in ba da hannun ƴaƴanta ba?

Akwai wurin da zai yi wa waɗansunmu ɗaci. Fim ɗin ya nuna fadar Sarkin Arewa ta rabu, dattawa suna ganin a bi Nasara a tsira, ɗan sarki na Matankari yana ganin a tsaya tare da Lugu. Ya nuna sarakunan Musulmi na maƙwabta suna jinkirin taimaka wa Azna saboda bambancin addini. Kafin wani ya yi fushi, ya tuna cewa wannan ƙagaggen labari ne da aka gina a kan tarihi, kuma sarkin da ya ga abin da aka yi wa Sansane Hausa, yana da talakawa dubbai a wuyansa, ba ƙaramar shawara ce ke gabansa ba.

Haka nan dole a faɗa cewa Sarauniyar fim da Sarauniyar Lugu ba ɗaya ba ne. Dawa da Baka da maroƙinta, da fadar da aka gina mata, da yadda take shiga fagen fama da kanta, yawancinsu daga tunanin Mamani suka fito. A Lugu, Sarauniya uwar ƙasa ce. Aikinta roƙon ruwa da lafiyar gari da kiyaye al'ada, tana zaune cikin ɗakinta tana kaɗi, ƙarfinta a asiri yake da kwarjini. Masu bincike na jami'a, a Yamai da Faransa, sun yi rubutu a kan wannan bambanci. Mu dai ba mu ga abin zargi a nan ba, muddin malamin makaranta ya san bambancin ya kuma gaya wa ɗalibansa. Mamani da Hondo sun so su ba matasan Afirka jaruma da za su ɗaga kai da ita, sun kuma samu. Illa dai kada hoton allo ya rufe matar gaskiya, har yaron Dankasari ya je Lugu ya ce wannan ba ita ba ce don bai gan ta da takobi ba.

An fara nuna fim ɗin a Paris a ƙarshen 1986. Gidajen silima kaɗan ne suka sa shi, ba a daɗe ba kuma aka cire shi. Hondo ya yi ƙorafi a fili cewa da gangan aka danne shi, waɗansu manyan masu shirya fim na Faransa da na Afirka suka goyi bayansa. Ga mutumin da ya zuba shekara bakwai da duk abin da ya mallaka, wannan karyewar jari ce. Amma a watan Fabrairu na 1987, a bikin FESPACO karo na 10, alƙalai suka ba Sarraounia babbar kyauta, wadda ake kira Ingarman Yennenga. Ita Yennenga ɗin gimbiya ce mai hawan doki da yaƙi, wadda Mosawa suke ɗauka kakarsu. Ga shi kyautar da ke ɗauke da sunanta ta tafi ga labarin wata sarauniyar. Watanni takwas bayan haka, ranar 15 ga Oktoba, aka kashe Sankara. Abdullahi Mamani kuma ya rasu a 1993 cikin haɗarin mota a hanyar Damagaram zuwa Yamai.

Hondo ya ƙara yin finafinai uku: Lumière noire a 1994, Watani a 1998, da Fatima, l'Algérienne de Dakar a 2004. Ya daɗe yana burin yin babban fim a kan Toussaint Louverture, bawan da ya jagoranci ƴantar da Haiti, kuɗi ba su samu ba. A 2017 wata gidauniya da Martin Scorsese na Amurka ya kafa ta gyara tsohon Soleil Ô, aka sake nuna shi a Kan, matasan da ba a haife su ba lokacin da aka yi shi suka gan shi sabo fil.

Saura magana guda, kuma ga hukumominmu na al'adu da na jihar Doso muke yin ta. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mutumin da ya ci abinci shekara da shekaru da ara wa baƙi murya ya bar mana fim a kan kakarmu cikin harsunan da tsohuwar Lugu ba ta ji. Sa wa fim muryar Hausa ba abu ne mai wuya ba a yau. Ana yi wa finafinan Indiya kullum a Kano, muna kuma da ƴan wasan rediyo a Yamai da Doso da Maraɗi waɗanda Hausar Arewa take bakinsu. Abin da ake bukata shi ne a nemi izini wurin masu haƙƙin fim ɗin, a biya abin da ya wajaba, a sa muryar, a ɗora majigi a mota a bi Matankari da Bagaji da Dankasari da Tibiri da Lugu kanta, a kafa farin zane a dandali bayan sallar lisha. In an gama, a bar tsofaffi su faɗi inda aka yi daidai da inda aka ƙara gishiri, a kuma ɗauki maganarsu a ajiye. Wataƙila cikin yaran da za su zauna a ƙasa suna kallo akwai wanda zai ɗauki kyamara wata rana ya ba mu labarin Samna Ƙarhe na Tibiri, wanda shi ma yana nan yana jiran mai ɗauka.

Med Hondo ya rasu a Paris ranar 2 ga watan Maris na 2019, yana da shekara 82. A ranar nan ce ake rufe bikin FESPACO a Wagadugu, bikin cikarsa shekara 50, labarin rasuwar ya iske abokan aikinsa suna tare wuri guda. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Abdullahi Mamani, ya sa sun huta.